Tabon Da Ke Sunan Maharazu

Shafi na 31

Masu cika min inbox da cewa Murja ta fiye baki, na ji ku. Ni ma ban ce ba ta fiye ba. Amma wadda ba ta taɓa kwana a flat ɗin da bangonsa ke tsattsafo da ruwa ba, ta riƙe hukuncinta tukuna. Ku gyara zama, yau Manchester muka nufa.

*

Tun da suka baro unguwarsu Sparkhill a Birmingham har suka hau babbar hanyar M6, Murja ba ta ce wa mijinta kanzil ba.

Maharazu ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo. Ita kuwa ta ba shi ƙeya, tana kallon tumakin Turawa a gefen titi. A ranta ta ce su ma tumakin nan sun fi shi kataɓus, ko ba komai in an taka su suna kuka.

'Yarsu Raki sun bar ta gidan maƙwabta da inhaler ɗinta na asma a jaka. Abin da za a yi yau ba na kunnen yara ba ne.

Shekara uku Murja tana rainon sunanta a wajen bankunan ƙasar nan kamar mai rainon bakwaini. A Ingila ba a ba ka bashin sayen gida don kai ɗan wane ne jikan wane. Sai an buɗe tarihinka an ga ka ci bashi ka biya, ka sake ci ka sake biya. Wanda bai taɓa ci ba ma baƙo ne a wajensu, ba su san da zamansa ba. Shi ya sa ta karɓi ɗan katin bashi, cefane kawai take yi da shi, ta biya tun kafin kuɗin ruwa ya hau. Ta sa sunanta a rajistar zaɓe. Kuɗin waya, kuɗin wuta, harajin council, wato ƙaramar hukuma, babu wanda ya taɓa kwana a kanta. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ɗin da take wa aiki ta mai da aikinta na kwana uku a mako, duk da haka ba ta fasa ba. Anko ta daina, gudummawar biki ta rage, har ƙawaye suka fara cewa ta koma Baturiya.

Ga shi an zo gaɓa. Gida ya samu a Perry Barr, ɗan madaidaici, busasshe, da fili a baya inda Raki za ta yi gudu ba tari. Mai gidan ya amince da tayinsu. Deposit, kason kuɗin gidan da za su fara biya daga aljihunsu, ya cika cif.

Sai jiya Rhoda ta kira.

Rhoda 'yar Kafanchan ce, dillaliyar mortgage, wato bashin sayen gida, ita ke shiga tsakaninsu da banki.

"Maman Raki, naki file ɗin fes yake wallahi. Na oga ne ya zo da magana."

"Baban Raki? Mutumin da ko cajar waya ba ya ara?"

"Akwai joint loan, bashin haɗin gwiwa, a sunansa, shi da wani Abdulsalam, address ɗin Manchester. An daina biya, ya zama default. Baƙin tabo ke nan, duk bankin da ya buɗe shi zai fara gani."

"To mu koma bankin Musulunci."

"Su ma file ɗaya suke dubawa, sister. Hanya ɗaya ce. In an biya abin da ya saura kafin Juma'a mai zuwa, ina da waɗanda za su saurare mu. In ta wuce, mai gidan yana da wani buyer a hannu."

Abdulsalam dai yayan Maharazu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Injiniya ne a Manchester, wanda in an ambace shi a dangi sai kowa ya sauke murya.

Da ta tsare Maharazu a kicin, abin da ya iya cewa ke nan, "Yaya ne ya ce in sa hannu."

"Kuɗin na mene ne?"

"Maganar gida ce, Murja."

Maganar gida. Ita ke nan bare ce, sai an zo asara a tuna da ita. Nata file take leƙawa kullum kamar mai jiran tuwo ya dahu, ba ta taɓa kawo wa ranta ta duba nasa ba, don a ganinta mutumin da ba ya komai ba zai iya ɓata komai ba. Ashe ya iya.

Sun wuce Stafford ya yi gyaran murya.

"Don girman Allah, in mun isa ki bar ni in yi maganar."

Ta juyo a hankali, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai?"

"Ni mana."

"Kai da in Yaya ya yi atishawa a Manchester kake amsa masa daga Birmingham? Kai ne za ka ce masa ya biya bashi?"

"Ba haka ake yi wa babba ba."

"Yaya ake yi masa? A durƙusa a ce ranka ya daɗe, ga wuyanmu, a ƙara yankawa?"

"Akwai abin da ba ki sani ba."

"To sanar da ni."

Ya ƙura wa titi ido kamar a nan aka rubuta amsar.

Ta ja dogon tsaki ta koma kan tumakinta.

Ita fa ta gama lissafinta tun jiya. Kuɗin nan babu inda ya tafi sai jikin Maimuna, faccalarta, matar Abdulsalam. Baƙar jeep ɗin nan da ake ɗaukar hoto a jikinta. Zuwa Dubai. Labulayen nan masu kama da na ɗakin taro. Samun wuri ne kawai, mutanen da suka fito daga wani ƙauye can bayan Gaya, an ga fam an ruɗe. Ita Murja 'yar Nassarawa GRA ce a Kano, kuma ba ta taɓa bari dangin mijinta sun manta da haka ba. Ko yau da take cikin baƙin ciki sai da ta ɗaura leshi, ta sa sarƙar lefenta da 'yan kunne da awarwaro. Duk zuwan da za ta yi gidansu sai ta sa, don a tuna wa aka auro.

Ta zura yatsa ƙarƙashin mayafi ta sosa wuya. Sarƙar nan in ta yi zufa ƙaiƙayi take sa ta.

*

Daidai azahar suka shiga unguwar Longsight a Manchester.

Babu jeep a ƙofar gidan. Murja ta taɓe baki. An ji ƙishin-ƙishin an ɓoye ke nan.

Maimuna ce ta buɗe, da rigar sanyi biyu a jikinta da safa a ƙafa.

"Lale marhabin da mutanen Birmingham! Haka ba waya? Maman Raki, sannunku da hanya."

"Yauwa."

Maharazu kuwa har ƙasa ya kai yana gaida matar yayansa. Murja ta raɓa shi ta wuce ciki.

Falon sanyi ƙalau kamar firji. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya, tana bin ɗakin da kallo. Ana zuwa Dubai, heater ta gagara kunnawa. A bayan ƙofa wata rigar masu gadi ce rataye, ruwan ɗorawa, mai ƙyalli. Har ɗan haya suka saka ke nan. Rowa dai ba ta barin mai ita.

Maimuna ta kawo tire, ruwa da zoɓo da ɗan dambun nama.

Murja ta sa yatsa ɗaya ta ture shi.

"Ba ci ya kawo mu ba, Anti."

Maimuna ta dubi tiren, ta dubi yatsan. 

"Ina Yaya?"

"Yana ɗan barci."

"Barci? Da rana tsaka? Lallai injiniya manya."

"Murja," in ji Maharazu ƙasa-ƙasa.

"Sunana ke nan."

Ba a jima ba aka ji takunsa a bene. Abdulsalam ya sauko da jallabiya, idanu jajur, wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya rame, amma Murja ba ramar kowa ta zo dubawa ba.

Maharazu ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Aka shiga gaisuwa. Ya hanya, ya iyali, ya Raki da jiki, ya sanyi, an ji daga Hajiya kuwa? Murja tana ji tana kaɗa ƙafa. Da ta ga za a shiga zagaye na biyu ta katse.

"Yaya, ba gaisuwa ta kawo mu ba."

"Murja!"

"Bar ta," in ji Abdulsalam. Ya zauna a hankali. "Ina jin ki, Maman Raki."

"An hana mu mortgage."

"Subhanallah."

"Ba subhanallah ba ce, Yaya, default ne. Da sunanka da na ƙaninka."

Abdulsalam ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Har ya kai nan?"

"Au, ba ka ma sani ba? Letters ɗin nan gidan suke zuwa ai. Ko da su ake hura wutar da ba a kunna heater?"

"Don Allah, Murja..."

"Baban Raki, ka yi min shiru, ka samu damarka a mota ba ka yi amfani da ita ba." Ta koma kan Abdulsalam. "Shekara uku ina gina credit. Ko chewing gum ban saya ba sai na yi lissafi. Ashe ina tufka ana warwarewa a Manchester. Ku ci kuɗi da sunan ƙaninku ku sha miya, mu a bar mu a flat ɗin da 'yata ke kwana da inhaler a hannu."

"Za a biya, in sha Allahu."

"Yaushe? Ran tashin ƙiyama? Juma'a aka ba mu. Bankin Bature ba ya karɓar alkawari, Yaya."

"Ki ba ni lokaci."

"Ba ni da shi." Ta juya ga Maimuna da ke tsaye jikin ƙofar kicin. "A fito da jeep ɗin daga inda aka ɓoye ta a sayar. Wanda ya ci shi ke amai."

Maimuna ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Jeep?"

"Ita fa."

"Maimuna, shiga ciki," in ji Abdulsalam.

"Wallahi ba zan shiga ba, Abban Sunusi."

"Na ce ki shiga."

"Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa musa maka ba. Yau ka yafe min." Ta tako tsakiyar falon, ta naɗe hannu a ƙirji. "Jeep masu ita sun zo sun ɗauki abarsu tun bara waccan. Kin ga rigar can ta bayan ƙofa? Ta injiniyan ce. Council ta sallame su, department ɗinsu gaba ɗaya aka rufe. Gadi yake yi a warehouse, shi ya sa kika same shi yana barci. Ni kuma care nake yi, tsofaffin Turawa nake wa wanka. Kin ji inda ake shan miyar."

Maharazu ya ɗago a firgice.

"Yaya? Gadi?"

Abdulsalam bai dube shi ba.

"Yaya, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"In faɗa maka ka yi me? Babba juji ne."

"Ya biya loan ɗin nan har inda ƙarfinsa ya ƙare," in ji Maimuna. "Na ce a gaya wa Maharazu. Ya ce in na buɗe baki bai yafe ba. Wai ƙani ba ya ɗaukar kayan wa."



To a nan ne mai hankali zai sassauta. Murja ma ta ji wani abu ya ɗan motsa a ƙirjinta, amma ta danne shi. Tausayi ba ya sayen gida. Kuma in ta sauko yanzu, wannan matar mai safa biyu ta ga bayanta ke nan.

Ta gyara mayafi.

"Allah ya kyauta. Amma ni abin da ban gane ba, wa ya aike ku cin bashin tun farko? Mutum ya tsaya iya tsayinsa mana. Daidai ruwa daidai tsaki. Mu a gidanmu ba a koya mana rayuwar ƙarya ba."

Maimuna ta karkata kai.

"A gidanku."

"Ƙwarai."

"Maimaita min, Maman Raki. Daidai ruwa me?"

"Maimuna, na roƙe ki," in ji Abdulsalam.

"Anti, don Allah," in ji Maharazu. Har ya haɗa hannu biyu.

Murja ta dubi wan, ta dubi ƙanin. Maza biyu suna roƙon mace ɗaya ta yi shiru. 

Maimuna ta jawo kujerar cin abinci, ta ajiye ta daidai gaban Murja, ta zauna.

"Kin san wa ya kai lefenki?"

"Me ya kawo maganar lefe?"

"Ni na kai. Ni da ƙannen Hajiya surukarmu. Akwati shida muka kai Nassarawa, kuma wallahi a wajenmu na gani na faɗa ne. Atamfa, leshi, takalma, babu abin da babu. Muka shimfiɗa a falon babanku. Gwaggonki Batulu ta zo ta tsaya a kanmu. Ba ta zauna ba. Ƙaramin akwatin nan na kayan ado ta sa ƙafa ta ture shi. Ƙafa, Murja, ba hannu ba. Ta ce, ina gwal ɗin?"

Maimuna ta ci gaba.

"Muka ce ga sarƙoƙi nan. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Ta ce wannan ai fashion ce, gidan nan ko 'yar aiki ba a aurar da ita da fashion. Aka rufe akwatunan aka mayar mana mota. Ko ruwa ba mu sha ba. Ashe ture tire gado ne."

"Ƙarya ne. Cewa aka yi an ɗaga ranar kawowa."

"Haka aka gaya wa amarya. Ni da na yi kuka daga Nassarawa har Gaya ba haka aka gaya min ba."

Murja ta juya ga mijinta. Kansa na ƙasa.

"Da na dawo Manchester na ba shi labari," Maimuna ta nuna Abdulsalam da haɓa, "ya ce yana raye ba za a kunyata ƙaninsa ba. Mahaifinsu ya rasu, shi ne uba, lefe nasa ne. Ya je banki. Suka ce nauyin da ke kansa ya yi yawa, sai da suna na biyu. Lokacin Maharazu yana ɗakin saman nan yana karatu. Ya sa hannu. Aka ninka akwatuna, aka sa gwal. Ni na shiga Wilmslow Road shago shago na zaɓo shi da hannuna. Da muka koma, gwaggon taki har guɗa ta yi."

Murja ta ji falon ya daina sanyi. Zufa ce ke bin bayanta.

Lefen nan. Lefen da ta yi shekaru tana ba da labarinsa a duk taron matan Birmingham. Lefen da in faɗa ya haɗa ta da Maharazu take cewa ai kun san darajar abin da kuka ɗauko, shi ya sa kuka yi abin da kuka yi.

"Baban Raki." Muryarta ta sauka. "Gaskiya ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Shi ne ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Wane namiji ne zai dubi matarsa ya ce mata lefenta bashi ne?"

"Kuma ba ka taɓa tambaya ko ana biya ba?"

"In tambayi Yaya ko ya biya bashi? Da wane bakin?"

Ka ji fa. Wa yana jin kunyar ƙani, ƙani yana jin nauyin wa, su biyun suna jin kunyar amarya. Kowa ya rufa wa kowa asiri, Bature kuwa yana can yana rubutawa.

Maimuna ta jingina da kujera. Yanzu ita ke kallon sama da ƙasa, kuma ta fi Murja iyawa, don nata ya daɗe yana jiƙa.

"To 'yar manya. Kin taso tun daga Birmingham neman inda kuɗi ya shiga. Ba ya jeep, ba ya Dubai. Ga shi nan a wuyanki kin shigo mana da shi."

Hannun Murja ya kai kan sarƙar da kansa.

Sai ga Maharazu ya miƙe zumbur, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Alhamdulillahi! Ai shi ke nan ma!"

Duk suka dube shi.

"Gwal ɗin! Yaya, ai gwal ba ya faɗuwa. Abin da ya saura a loan ɗin, set ɗin nan zai rufe shi. Monday mu kai shagunan gwal na Stratford Road, Tuesday a biya, Rhoda ta samu letter kafin Friday. Deposit ɗinmu yana nan ba a taɓa ba. Gida ya tsira, sunan Yaya ya tsira!"

"A'a," in ji Abdulsalam. "Ba a taɓa kayan mace. Abin da aka ba ta an ba ta."

"Yaya, ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bi ka ba."

Ikon Allah. Yau Maharazu ya musa wa yayansa. Abin da Murja ta yi shekaru tana fata, yau ya zo, kuma da ma bai zo ba.

Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Murja, aro za ki ba ni. Wallahi in muka shiga gidan, ko overtime zan kwana yi sai na mayar miki da wanda ya fi shi. Don Raki."

Ba ta motsa ba.

Bari in gaya muku abin da mutum uku a falon nan ba su sani ba.

Bara, da council ta yanke mata kwanaki, deposit ya tsaya cak, ya ƙi gaba. Ta kira Kano. Abbanta ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya ce ta yi haƙuri. Gidan Nassarawa yanzu sai suna, rabinsa ma 'yan haya ne a ciki. Wannan kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta bari mutanen bayan Gaya su ji ba. Sai ta naɗe set ɗin a ɗankwali, ta shiga wani shagon gwal a Stratford Road ɗin da Maharazu ke ambata yanzu, ta fito da kuɗi. Shago na gaba ta shiga ta sayi mai kama da shi, na 'yan fam kaɗan. Da daddare ta ce wa mijinta Abba ne ya aiko musu da gudummawa. Har waya ya so yi ya yi godiya, ta ce Abba ba ya son a yi ta maimaita alheri. Rhoda kaɗai ta ga rasit ɗin.

Gwal ɗin shi ne deposit. In an cire a biya bashi, babu kuɗin gida. In an bar shi, tabo yana nan, babu mortgage. Kuɗi ɗaya ne ake nemansa a wuri biyu.

"Murja?"

"Ba... ba yanzu ba. Mu je gida mu yi magana."

"Wace magana kuma?" in ji Maimuna. "Ba ke ce mai Juma'a ba? Ba ke kika ce wanda ya ci shi ke amai ba?"

"Anti, tsakanina da mijina ne."

"Da kika shigo ba ki ce haka ba." Ta miƙo tafin hannu. "Kawo in gani. Na san nauyinsa, zan faɗa muku abin da zai yi tun kafin ku je wani ya cuce ku."

"Maƙalin yana da wuyar cirewa."

"Bari in cire miki," in ji Maharazu da sauri.

"Baban Raki, bar shi..."

Ina. Ya riga ya zaga bayanta, ya ɗage mayafin a hankali. Maƙalin da aka ce yana da wuya, taɓawa ɗaya ya buɗe.

Sarƙar ta zame.

Hannunsa ya tsaya a iska.

Inda ta kwanta a wuyan Murja, wani koren layi ne ya zagaye fatar, zufa ta fito da shi raɗau.

"Mene ne wannan a wuyanki?"



Maimuna ta zare sarƙar daga yatsunsa. Ta ɗora a tafin hannu, ta ɗaga, ta sauke. Ta juya maƙalin ta duba. Ta kai ta hanci ta shinshina.

Sannan ta ɗaga ta sama da yatsa biyu.

"Maimuna," in ji Abdulsalam, muryarsa a dashe. "Ya isa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta saki sarƙar ta faɗi kan kafet, ko ƙara ba ta yi ba. Ta sa ƙafarta mai safa, ta tura ta a hankali har gaban takalmin Murja.

"Maman Raki," ta ce. "Ina gwal ɗin?"